SANIN MOTA: In amburyaji ya ƙi kamawa, a nemi inda iska ta ɓoye

 Maganar wanga wata bisa amburyaji take, wanda mutanen Najeriya ke ce ma kuloci. Shi ne matakin da direba ke takawa da ƙafar hagu kafin shi sa giya.

Wani za shi ce: ina ruwan manomi da amburyaji? Da ruwanshi ƙwarai. Mota ke kai albasar fadamar Tarka kasuwa. Mota ke ɗauko tumaki zuwa kasuwar Tamaske. Mota ke kai mace mai naƙuda likita tsakar dare. Tun da aikin raya karkara na Keita ya soma a 1984, an buɗe hanyoyi cikin duwatsun Adar, mota tana shiga inda dā sai jaki da raƙumi. Wasu ƙauyuka sukan yi karo-karo su sayi tsohuwar mota. In ta lalace, aljihun manomi ke biya. Wanda ya san ciwo kuwa, ba a saida mishi maganin banza.

ABIN DA YA SAMU WATA MOTA

Wata ƙungiyar manoma cikin ƙasar Buza tana da tsohuwar Land Rover. Cikin watan Afrilu, lokacin ɗiban albasa, sun yi ciniki da wani ɗan kasuwa. Babbar motarshi tana jira a Madawa, za ta tashi bayan kwana 2. In albasarsu ba ta iso ba, za shi sayi ta wasu.

Ana haka sai wani ɗan famfo na amburyaji ya soma yoyon mai. Direba ya hau babur ya tafi Madawa, ya sayo sabo, ya ɗaura da kanshi. Sa'an nan shi da yaron mota sunka shiga fidda iska. Tun hantsi har azahar suna abu guda. Gwangwani 2 na man birki sun ƙare cikin ƙasa. Mataki shina nan da taushi kamar auduga. In an taka shi, sai shi faɗi har ƙasa. Giya ta ƙi shiga, sai ƙara take yi.

Jama'a sunka taru, kowa da shawararshi. Wani ya ce a zuba man inji, ai mai mai ne. Wani ya ce faifan amburyaji ne ya ƙone, sai an sauke akwatin giya. Wani ya ce sabon famfon jabu ne. Shugaban ƙungiya ya ga kuɗɗin iri da taki za su tafi ga gyara. Ya ce kar a ƙara taɓa komi sai an kira wanda ya sani. Anka aika Buza, anka ɗauko wani tsohon makaniki.

Da ya iso bai ɗauki kile ba. Ya zauna bisa dutsi, ya kira direba.

— Ɗana, kafin ka canza famfo, giya tana shiga?

— Tana shiga, Baba. Sai dai kullum da safe sai na ƙara mai.

— To, faifai lafiya lau shike. Faifai ba shi ƙonewa mota tana tsaye. Iska ce ta samu maɓoya. Ku bar takawa haka nan, mu nemi inda take.

YADDA AMBURYAJI MAI AIKI DA MAI SHIKE

Wasu motoci waya ke jan amburyajinsu. Wasu kuwa mai ke tura shi, kamar Land Rover, da Peugeot 504, da Toyota Hilux, da Land Cruiser. Maganar yau bisa masu mai take.

Abubuwa 4 ke cikin hanyar mai. Akwai ɗan gora inda ake zuba mai. Akwai famfon bisa, wanda ke liƙe da mataki. Akwai tiyo, wani sashe na ƙarfe, wani na roba. Akwai famfon ƙasa, wanda ke jikin akwatin giya. In direba ya taka, famfon bisa shi tura mai cikin tiyo. Mai shi tura famfon ƙasa. Famfon ƙasa shi tura wani ƙarfe mai baki biyu, shi ko shi raba faifai da inji. Sa'an nan giya ta shiga ba faɗa.

Ga asirin abin. Mai ba shi matsuwa. In an tura shi nan, dole shi tura can. Iska kuwa tana matsuwa. In ta shiga tiyo, ƙafar direba iska take matsawa, ƙarfi ba shi isa ƙasa.

Asiri na biyu: iska kullum bisa take hawa. Kowane makiyayi ya ga malamin dabbobi ranar allurar shanu. In ya ja magani cikin sirinji, shikan ɗaga bakin allura sama, shi ƙwanƙwasa da yatsa, sa'an nan shi tura kaɗan. Don me? Don iska ta taru bisa, ta fita. Da za shi juya bakin allura ƙasa, sai magani shi tsiyaye duka, iska tana nan. Haka amburyaji shike.

YADDA AKE FIDDA ISKA DAIDAI

Aikin mutum 2 ne. Ana bukatar man birki sabo, da kile mai zobe daidai da sukuru, da ɗan siririn tiyo wanda ake ganin cikinshi, da kwalba.

1. A goge bakin gora da tsumma mai tsabta, a cika shi da mai.

2. Jikin famfon ƙasa akwai wani ɗan sukuru mai huda, shi ne sukurun iska. A goge shi, a sa mishi tiyo. Ɗaya bakin tiyo shi nutse cikin ɗan mai a kwalba.

3. Na ciki shi taka mataki sannu, shi riƙe, shi ce: na riƙe.

4. Na ƙasa shi buɗe sukuru kaɗan. Mai da kumfa su fito. Shi rufe, shi ce: na rufe.

5. Sai bayan an ce an rufe na ciki za shi ɗaga ƙafa. In mataki ya kwanta ƙasa, shi ɗago shi da hannu sannu.

6. A dakata kaɗan, gora shi ba famfo mai. A sake.

7. Bayan kowane taki 4 ko 5, a duba gora, a ƙara mai.

In mai ya soma fitowa wasai ba kumfa, aiki ya ƙare. Mota mai lafiya ba ta shan gwangwani guda ga wanga aiki. In an yi taki 20 ko 30 abu bai canza ba, a tsaya. Ƙarin takawa ɓarnar mai ce. Akwai dalili, sai a neme shi.

INDA AKE NEMAN DALILI

A soma da abin da ba shi cin kuɗɗi.

Na 1, kuskuren hannu. In an ɗaga ƙafa sukuru shina buɗe, iskar da anka fidda ita ke komawa. In ana takawa da sauri, iska tana farfashewa ta zama kumfa ƙanana, kamar nonon da anka kaɗa. Sai a bar mota ta huta awa guda, kumfa ta taru wuri ɗaya.

Na 2, gora ya yi ƙasa. Goran amburyaji ƙarami ne, nan da nan shike ƙarewa. In ya ƙare ko sau ɗaya, an koma farko. Ga wasu motoci birki da amburyaji gora ɗaya suke sha. Bakin amburyaji shina bisa, da gangan anka yi shi haka, don in amburyaji ya yi yoyo kar birki shi rasa mai. Saboda haka ana iya ganin mai rabin gora, alhali amburyaji iska shike sha. A cika gora har ga layin bisa.

Na 3, sukurun iska ba shi bisa. Wasu famfunan ƙasa suna da huda 2 masu kama da juna, ɗaya ta tiyo, ɗaya ta sukuru. In an ɗaura famfo sukuru shina ƙasa, labarin allurar shanu ne: mai shi fita, iska ta zauna. Ko an ɗaura daidai, in mota tana tsaye bisa gangara, iska tana iya taruwa ga ɗaya gefen. A gyara tsayuwar mota, gefen sukuru shi fi tsawo. Wata dabara kuma: a buɗe sukuru, a tura sandar famfon ƙasa ciki da hannu har ƙarshe, a rufe, sa'an nan a saki. Ɗakin da iska ke ɓoyewa ya ƙuntata ke nan.

Na 4, sukuru ya toshe. Ƙurar hanya da laka suna shiga hudarshi. In an buɗe ba abin da ke fitowa, a kwance shi duka, a zura siririyar waya, a wanke da man birki. In an buɗe shi da yawa kuma, iska tana bin zarenshi ta shiga tiyon kwalba. Mutum shi ga kumfa ba iyaka, alhali cikin mota babu iska. Buɗi kaɗan ya isa.

Na 5, mataki ba shi komowa bisa duka. Cikin famfon bisa akwai wata ƴar ƙofa wadda mai ke bi daga gora. Ba ta buɗewa sai mataki ya komo har ƙarshe. In an ɗaure sandar mataki tam ba wasa, ko tabarmar ƙafa ta tare shi, ƙofar tana nan rufe. Mai ba shi sauka, iska ba ta hawa. Dole a ji ɗan wasa kaɗan ga mataki kafin shi soma tura famfo.

Na 6, yoyo. Inda mai ke fita, nan iska ke shiga. A sa hannu bayan mataki, cikin mota. In an ji danshi, ko tabarma ta jiƙe, famfon bisa ke yoyo. A ɗaga robar ƙura ta famfon ƙasa. In mai ya zubo, shi ne mai laifi. A bi tiyo da ido da hannu, a duba kowace mahaɗa. A sa a taka mataki, a dubi tiyon roba. In shina kumbura kamar salka, ya mutu, ƙarfin ƙafa cikinshi shike ƙarewa.

Na 7, robobin cikin famfon bisa, waɗanda makanikai ke ce ma kupel. In sun cinye, mai shina zagayawa ciki, ba a ganin yoyo waje. Ga alamarsu: direba ya sa giya, ya riƙe mataki ƙasa, sai mota ta soma jan jiki da kanta. Ga gwaji: makaniki shi kwance tiyo daga famfon bisa, shi toshe hudar da sukurun da ya dace, a taka sannu. In mataki ya yi tauri kamar dutsi, famfon bisa lafiya shike, a nemi laifi ƙasa. In ya nutse, ko iska ce cikinshi, ko robobi sun mutu. Sabon famfon bisa ma, a cika shi da mai a fidda iskarshi kafin a haɗa tiyo.

TURO MAI DAGA ƘASA

In an duba waɗanga duka iska ta ƙi fita, sai a bi son ranta. Tun da bisa take so, a kora ta bisa. A samu babban sirinji mai tsabta, a cika shi da man birki, a haɗa shi da sukurun iska da ɗan tiyo. A rage mai cikin gora don kar shi malala. Mataki shi zama bisa, kar a taɓa shi. A buɗe sukuru, a tura mai sannu. Wanda ke kallon gora za shi ga kumfa tana fitowa. In ta daina, a rufe sukuru. Wanga sirinji ya zama na mota har abada, kar shi koma ga dabba ko mutum.

Peugeot 504 ta yi suna ga wuyar fidda iska. Mota ce da ta fito a 1968, an kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, inda anka soma haɗa Peugeot a 1975. Makanikanta suna da dabara. Sukan haɗa tiyo daga sukurun iska na birkin gaba zuwa na amburyaji, su taka birki sannu, birki shi turo mai daga ƙasa. Wanga aikin gwani ne, don in goran birki ya ƙare, birki ma ya sha iska. In an yi shi, dole a gwada birki kafin mota ta hau hanya.

IN BA ISKA BA CE

Ba kullum iska ke da laifi ba. Mutum ɗaya shi taka, ɗaya shi dubi sandar famfon ƙasa. Ga yawancin motoci tana tafiya fiye da santimita 1. In tana tafiya sosai, mataki shina da ƙarfi, amma giya ta ƙi shiga, to hanyar mai ta fita zargi. Watakila ƙarfen nan mai baki biyu ya tsage ko ya lanƙwashe. Watakila faifai ya manne da tsatsa, kamar yadda shike yi ga motar da ta share damina tana tsaye. Sai a nan ne ake maganar sauke akwatin giya. Wasu sababbin motoci kuma famfonsu na ƙasa can ciki shike, ba a ganinshi, ba a canza shi sai an sauke akwatin.

Saboda haka, in an ce ma ƙungiya a sayi faifai, shugaba shi tambaya: an dubi sandar famfon ƙasa? Tana tafiya ko ba ta tafiya? Makaniki na gari ba shi fushi da wagga tambaya.

WANE MAI AKE ZUBAWA

Man birki kaɗai. Wasu suna ce mishi lokid, daga sunan wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda ya yi rajistar birki mai aiki da mai a 1917. A dubi murfin gora. Yawanci an rubuta DOT 3 ko DOT 4. A nemi wanga rubutu jikin gwangwani. Wanda anka rubuta ma DOT 5 wani iri ne daban, ba a gauraya shi da su.

Man inji, da gazuwal, da man gyaɗa, da koren man tsofaffin Citroën, dukansu ba su shiga. Suna kumbura robobi. In an zuba su, sai an canza robobin famfo 2 da tiyon roba, an wanke hanya duka. Shawarar da anka ba da kyauta ta zama hasara babba.

Ga gwaji mai sauƙi in ana shakkar mai. A ɗiga shi cikin ɗan ruwa. DOT 3 da DOT 4 suna gaurayuwa da ruwa. Man inji kuwa shina tasowa bisa.

Wanga hali na son ruwa shi ne kuma rauninshi. Man birki shina shan danshin iska. DOT 4 sabo ba shi tafasa sai zafi ya kai digiri 230. In ya sha ruwa, shina iya tafasa ga digiri 155. Ruwan kuma shina sa tsatsa cikin famfo. Don haka kar a sayi wanda anka ɗura cikin buɗaɗɗiyar kwalba bakin hanya. A sayi gwangwani rufaffe, a rufe shi tam bayan aiki. Man da ya fito cikin kwalbar fidda iska ba a maida shi gora. A canza mai duka bayan kowace shekara 2, ko in ya yi baƙi.

A KIYAYE RAI

Kafin mutum shi shiga ƙarƙashin mota, a kashe inji, a fidda giya, a ja birkin hannu, a tare ƙafafu da manyan duwatsu gaba da baya. Kar a dogara ga jak kaɗai. Man birki guba ne. Kar a zuba shi cikin kwalbar sha, kar a bar shi inda yara ke wasa, kar a zubar da shi kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Shina cin fentin mota, a wanke shi da ruwa nan take.

Wasu direbobi sun iya tuƙi ba amburyaji, su tada mota cikin giya. Hanyar Madawa zuwa Buza da Keita hawa da gangara ce. Mai yin haka da mutane da kaya bisa mota, da rayukan jama'a shike wasa.

ƘARSHEN LABARI

Tsohon makaniki ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashin Land Rover. Bai daɗe ba ya kira direba.

— Zo ka gani, ɗana. Ina sukurunka?

— Ga shi nan ƙasa, Baba. Na ga ya fi sauƙin kamawa da kile.

— Ya fi sauƙi ga hannunka, amma iska ba ta sauka. Tiyo ƙasa, sukuru bisa. Haka Land Rover take so.

Ya musanya su. Sa'an nan ya sa yaron mota ya taka, shina kallon ƙafarshi. Sai ya ga yaro shina ɗaga ƙafa tun ba a ce mishi an rufe ba. Ya ce:

— Samari, ƙafarka ta jira bakina. In ban ce na rufe ba, ko hadari ya taso kar ka ɗaga.

Sunka sake, sannu, da magana tsakaninsu. Kumfa ta yi ta fitowa, ta daina. Mataki ya yi ƙarfi. Anka tada inji, giya ta shiga shiru. Ba a sauke akwatin giya ba, ba a sayi faifai ba, famfon kuma ba jabu ba ne. Ƙungiya ta biya gwangwani guda da ladan aiki. Kafin magariba kayan farko sun kama hanyar Madawa, washegari anka kwashe saura.

Kafin shi tafi, tsohon ya ce ma shugaban ƙungiya:

— Malam, ku sayi gwangwani guda rufaffe da ɗan tiyo, su zauna cikin mota. Direba shi duba gora kowace safiya. Ranar da ya ga mai ya ragu, ranar za shi faɗa muku, ba ranar da albasa ke jira ba.

Matambayi ba shi ɓata. Wanda ya iya karatu shi karanta ma direban garinsu wanga fili, a kuma karanta shi ga ajin yaƙi da jahilci. Wata mai zuwa, in Allah ya so, filin za shi yi magana bisa zafin inji lokacin bazara. Allah shi kiyaye hanya.